Karatun riƙon kuɗin meri: amsar tambayoyin ƴan sabon bak da iyayensu a Tawa

Tunda sakamakon bak ya fito ake ta turo tambayoyi kan karatun kula da kuɗin komin, wato meri, wasu daga yaran kansu, wasu daga iyaye, har da ma'aikatan meri da suka daɗe cikin aikin ba su da diplom ɗinshi. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai wanga karatu mi ake koyo cikinshi, ba kwantabilite ba ne kawai?

A'a ƙanena, akwai kwantabilite ciki amma ba irin ta kanti ko kamfani ba. Kwantabul na kamfani da tsarin SYSCOHADA yake aiki, abinda yake nema ƙarshen shekara shi ne an ci riba ko an faɗi. Meri ba riba take nema ba, kuɗin jama'a ne a hannunta, kuma dokar ita ce ko dala ɗaya ba a kashewa sai in an rubuta ta cikin bije, wato kasafin kuɗin shekara, an amince da ita. Shekarar bije daga 1 ga Janairu ne zuwa 31 ga Disamba, kuma dole abinda aka ce zai shigo ya yi daidai da abinda aka ce zai fita.

Babban abinda za a cusa maka a kai tun shekarar farko shi ne rabuwar aiki tsakanin mutum biyu. Magajin gari, ko wanda aka naɗa a madadinshi, shi ke ba da umurnin a kashe kuɗi amma ba ya taɓa su da hannunshi, resebar na meri shi ke riƙe kuɗi ya biya amma ba shi da ikon ya ce a sayi kaza. Kamar rumbun tsimi ne na gari, mai cewa a buɗe daban mai riƙe makulli daban. In meri za ta sayi teburan lakwal misali, sai an fara ɗaukar alkawarin kashe kuɗin bayan an duba akwai gurbinshi cikin bije, sannan a tabbatar kayan sun zo da gaske a ƙayyade abinda ake bin meri, sannan magajin gari ya sa hannu a takardar umurnin biya wadda ma'aikata ke kira manda, daga nan ne ta iso wurin resebar, shi kuma ya duba takardu ɗaya bayan ɗaya, in wani abu bai cika ba ya maida ta ko da wa ya aiko. Wannan sarƙa ita ce zuciyar karatun. Sauran su ne dokar haraji, dokar ba da kwangila, dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010, tsara shirin raya komin da ake kira PDC, da aiki da kwamfuta musamman Excel wanda wallahi in ba ka iya shi ba wahala za ka sha ko da kai ne na ɗaya a aji.

A ina ake karatun, dole sai an je Yamai?

Ba dole ba ne. Nan Tawa akwai IUT, cibiyar koyon sana'a, cikin jami'ar Djibo Hamani, tana da sashen GEA na koyon tafiyar da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati, shekara 2 ka samu diplom ɗin DUT, in ka ƙara ta 3 ka yi lisansi ta sana'a. Akwai kuma tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa cikin jami'ar, ita ta fi nauyi wajen karatun littafi, IUT ta fi kusa da aikin hannu da istaj.

A Yamai akwai ENA, makarantar horas da ma'aikatan gwamnati da aka kafa a 1963, da kwankur ake shigarta, kuma tana da fannin kuɗi da baitulmali da fannin haraji. A cikinta ne aka buɗe CFGCT, cibiyar da aikinta shi ne horas da mutanen komin, su resebar da sakatarori da zaɓaɓɓu, amma ita galibi horo ne na gajeren lokaci ga waɗanda suka riga suna cikin aikin, ba wurin da mai sabon bak zai je ya yi rajista ba ne. Sai makarantu masu zaman kansu masu shirya ɗalibai BTS na gwamnati a fannin kuɗi da kwantabilite, su kam suna da yawa, wasu na ƙwarai wasu allo ne kawai babba a bakin titi. Kafin baba ya saida rago ya biya, a tambaya ko gwamnati ta san da fannin, a tambaya ɗalibansu nawa suka ci BTS bara, a nemi tsohon ɗalibi a ji daga bakinshi.

Ra'ayina shi ne kar ka tsaya neman takardar da aka rubuta sunan komin a kanta. Ka samu tushe mai ƙarfi a kuɗi da kwantabilite, sannan ka karkata istaj ɗinka da rahoton ƙarshen karatunka zuwa meri.

Bak A gare ni, zan iya?

Za ka iya amma sai ka sasanta da lissafi. Masu G2 sun fi kowa sauƙin farawa don sun saba da rubuta shiga da fita, masu D da C lissafi bai ba su tsoro, kai kuma inda za ka fi su shi ne karanta doka da rubuta rahoto, kuma rabin aikin meri rubutu ne. Lissafin ba mai wuyar gaske ba ne, kaso cikin ɗari ne da tarawa da natsuwa.

To ita meri ina take samun kuɗin da za a riƙe?

Nan ne karatun ke da daɗi. Kashi na farko shi ne abinda komin ke tarawa da kanta: lanho da ake karɓa ta hannun hakimai da masu gari su ma a ba su ladansu a ciki, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, harajin dabbobi a kara, na mahauta, kuɗin sa hannu kan takardu, sai saida filaye a komin na birni. Komin da ke da babbar kasuwa irin ta Badagishiri ko Tunfafi, ko kasuwar bisashe irin ta Abalak, ko inda albasa ke fita irin Galmi, ba za ka haɗa ta da komin da ba ta da komi sai lanho ba, kuma lanho a ƙasar Adar kowa ya san matsalarshi, rabin magidanta suna Abijan ko Najeriya ko Libiya cin rani, in damana ta yi gardama kuma babu mai gari da zai iya matsa ma talakawanshi.

Kashi na biyu harajin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa ta maido ma komin rabonta, shi kuma matsalarshi jinkiri, kuɗin na takarda amma ba su iso ba. Na uku tallafin gwamnati ta hanyar ANFICT, hukumar da aka kafa a 2008, wadda ke raba asusun tallafa ma mulkin kai na ƙananan hukumomi da asusun daidaita masu ƙarfi da marasa ƙarfi. Akwai kuma kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ce a maida ma yankin da aka haƙo su, wanda ya fi shafar su Agadas da Difa. Sai kuɗin foroje na abokan hulɗa da gudummawar ƴan gari da ke waje, wadda a jihar Tawa ba ƙarama ba ce.

Kuma doka ta ce aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a kai su ɓangaren zuba jari, wato aji da rijiya da ɗakin shan magani, kar albashi da mai da kuɗin zaman taro su cinye duka. Faɗin haka sauƙi gare shi, yin shi ne ke raba mai ilimin aikin da mai cika takarda.

In haka ne mi ya sa ake jin ma'aikatan meri suna bin albashin wata da watanni?

Ba kullum sata ba ce, duk da ita ma akwai. Abinda na fi gani shi ne bije na mafarki. A zauna a rubuta za a samu miliyan kaza don kowa ya ga aikin unguwarsu cikin takarda, alhali abinda aka tara bara bai kai ko kusa ba, sai a ɗauki ma'aikata a ba da kwangila bisa kuɗin da babu su, ƙarshen shekara bashi ya taru a tura shi shekara mai zuwa. Na biyu rajistar masu biyan lanho ta tsufa, wasu sun rasu wasu sun ƙaura, yara sun zama magidanta ba a rubuta su ba. Na uku tikiti, mai karɓa ya shiga kasuwa ya karɓi kuɗi bai yaga tikiti ba, ko ya zo da nashi littafin da ya buga, kuma tunda ɗan wane ne babu mai magana. Ga kuma nauyi da aka ƙaro, tun 2016 gwamnati ta fara miƙa ma komin wasu ayyuka na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, ayyukan sun fi kuɗin saurin isowa.

Duk waɗannan aikin mai karatun ne. Wanda ya iya ɗauko lissafin shekaru 3 da suka wuce ya nuna ma shugabanshi abinda za a iya samu da gaske, ya ƙirga rumfunan kasuwa da ƙafarshi, ya sa lamba kan kowane littafin tikiti ya san hannun wa yake, shi ne komin ke buƙata, kuma irinsu ba su da yawa.

Malam, ɗiyata ce ke so ta yi, in ta gama za ta samu aiki?

Hajiya, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Diplom ba ya ba da kujera kai tsaye. Komin na ƙasar nan sun haura 250, ga manyan birane 4 masu matsayi na musamman, Yamai da Damagaram kowace da gundumomi 5, Maraɗi 3, Tawa 2, kowace na buƙatar mai lissafi, amma da yawansu ba su da ƙarfin ɗaukar sabon ma'aikaci, kuma inda ake ɗauka wani lokaci sanayya ta fi takarda. Hanyar da ta fi tabbas ita ce kwankur na shiga aikin gwamnati a baitulmali ko haraji, ko ENA. Bayan su akwai ƙungiyoyi da foroje masu aiki da komin, suna son wanda ya san yadda manda ke tafiya, haka ƴan kwangila masu neman aikin meri suna buƙatar mai shirya musu takardu. In duk bai samu ba, ilimin kwantabilite ɗin na nan, za ta iya aiki a kamfani ko asusun ajiya da bashi. Batun mace kuwa, kar ya dame ki, aikin biro ne mafi yawanshi kuma mata suna yin shi, abin dubawa kawai shi ne ko za ta iya zama a komin na karkara in can aka tura ta.

Tunda an rusa majalisun komin, karatun bai mutu ba?

Bai mutu ba. Tun zaɓen farko na komin a Yuli 2004 an yi na 2011 da na Disamba 2020, sai a Afrilu 2024 hukumomin ƙasa suka rusa majalisun suka naɗa wakilan gudanarwa a madadin magadan gari. Abinda ya canza shi ne mai ba da umurni. Bije na nan, lanho na nan, resebar na nan, kuma shi wanda aka naɗa sau da yawa daga wani aiki daban ya fito, bai taɓa ganin bijen komin ba, don haka ya fi ma buƙatar ma'aikacin da ya san dokar. Zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe duk tafiya suke yi, ma'aikacin kuɗi shi ke zama da takardun.

An ce resebar ƙafarshi ɗaya na gida ɗaya na kaso, gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Resebar da kanshi yake ɗaukar alhakin kuɗin, in ya biya abinda bai kamata ba ko aka samu giɓi a kes, wato kuɗin da ke hannunshi, kotun binciken kuɗin gwamnati na iya cewa ya biya daga aljihunshi. Ƙarshen kowace shekara magajin gari na fidda nashi lissafin, resebar na fidda nashi, dole su yi daidai, ga kuma sufetocin ma'aikatar cikin gida da ke iya sauka ba sanarwa. Abinda ke kai mutane ƙasa galibi shi ne "ba ni jikka ɗari yanzu, takarda na zuwa gobe", daga babba, gaban baƙi, kai kuma yaro ne sabon zuwa kana jin nauyi. Goben ba ta zuwa, ranar bincike kuma sa hannunka kaɗai za a gani. Makaranta za ta koya maka dokar da za ka kafa hujja da ita, amma yadda za ka ce ma sa'an babanka "ranka ya daɗe a kawo manda tukuna" ba tare da ka ci mutuncinshi ba, wannan sai ka zauna kusa da tsohon resebar ka ga yadda yake yi.

Istaj fa, ina ya fi?

Kowa babbar meri yake so don tana kusa da gida, sai a tara ku goma a biro ɗaya kuna hotokopi da sayo shayi. Ni dai in da hali ka nemi komin ta karkara mai kasuwa, inda ma'aikata uku ko huɗu ne ke yin komi, can za a ba ka rajista a hannu tun satin farko don babu wani mai yi. Ka nemi lokacinka ya faɗa ƙarshen shekara sa'adda ake shirya bije, ka roƙa a bar ka ka bi masu tikiti ranar kasuwa tun safe har a zo zuba kuɗi wurin resebar da marece, ka rubuta abinda aka yaga da abinda aka kawo. Takardar neman istaj kuma ka kai ta da wuri tare da wasiƙar makaranta, a hannun babban sakataren meri ake ajiye ta, kuma ka karɓi lambar shigarta kafin ka fita.