Saɓanin shaidu ba hujjar ƙarya ba ne

An daɗe ana cewa idan shaidun kisan ɗan siyasa suka saɓa wa juna, to saye su aka yi. Akan sayi shaida, gaskiya ne. Sai dai ƙwaƙwalwa ba kyamara ba ce. Cikin firgici ido kan kafe a kan bindiga ya bar fuskar maharbi, ƙarar harbi kuma takan yi amsa-kuwwa, a ji ɗaya kamar biyu. Daga baya jita-jita ta gurɓata abin da aka tuna.

Ku nemi bayanin farko da shaida ya bayar da kuma wurin da yake tsaye lokacin harbin, ku gwada da rahoton likita da na harsashi. Ni na fi zargin shaidun da bakinsu ya zo ɗaya, kalma da kalma.

Don Allah a tura wa wasu.