Facin tayar mota da hannunka: tambayoyi da amsoshi

Wani ƙanena da bai daɗe da fara tuƙi tsakanin Jidda da Makka ba ya buɗe but ɗin motata zai ɗauki ruwa, sai ya ci karo da 'yar jakar kayan faci. Tun daga nan har muka isa gida tambayoyi yake jero min. Ga su nan da amsoshin da na ba shi, don na san direbobinmu da yawa a nan Saudiyya ba su taɓa riƙe kayan ba, banshar kawai suka sani, wato shagon mai faci.

Yaya, mene ne a cikin jakar nan?

Ƙarafa biyu ne masu mariƙi. Ɗaya jikinsa kaushi gare shi kamar magagari, da shi ake goge ramin. Ɗayan kamar basilla yake, mai tsagaggen ido a baki. Sai igiyoyin roba masu danƙo, kamar lagwanin fitila da aka tsoma a kwalta, da ɗan gam. Abin da ba ya zuwa a jakar kuma dole ka saya daban shi ne filaya, reza, gejin auna iska, da ƙaramin famfon iska da ake jonawa a soket ɗin mota mai bolt 12. Wanda ba shi da famfo aikin banza zai yi, ya toshe rami ya zauna yana kallon taya a kwance.

Ka sani kuma, tayar da ba ta da tiyub a ciki kaɗai ake yi wa irin wannan faci. Kusan duk ƙananan motocin yanzu haka tayoyinsu suke.

Kowace huda ake toshewa da shi?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin ganganci. Ka dubi taya kashi uku. Akwai fuskar da ke taka kwalta, mai zane. Akwai gefe, inda ake rubuta suna da lambobi. Akwai kuma kafaɗa, inda fuska take lanƙwasawa ta haɗu da gefe. Igiya a fuska kawai take zama, domin a ƙarƙashin wurin akwai shimfiɗar wayoyin ƙarfe da ke riƙe roba ta matse igiyar. Gefen taya siriri ne, kuma duk juyi ɗaya sai ya lotsa ya miƙe. In ka cusa igiya a can, ko dai ta fito, ko ramin ya yage kana tsakiyar gudu. Tayar da ta huje a gefe ko a kafaɗa ta gama aiki, sai dai a sayi wata.

Girman ramin ma akwai iyaka, milimita 6 ne, wajen kaurin fensir ko ƙasa da haka kaɗan. Ƙusa da sukuru sun shiga wannan lissafi, irin waɗanda muka sha kwasa a tayoyinmu lokacin rusau ɗin unguwannin Jidda irin su Karantina da Gulail. Yankan kwalba ko na ƙarfe mai tsawo bai shiga ba. Na taɓa ganin wanda ya cusa igiya uku a rami ɗaya yana murna iska ta tsaya. Ban yarda na shiga motar ba.

Sai abu na ƙarshe: in ka yi tafiya mai nisa a kan taya ba iska, rim ya riga ya niƙe ta daga ciki. In aka buɗe za ka ga garin roba baƙi ƙirin ya taru. Daga waje lafiya lau take, amma faci ba zai cece ta ba.

To yaya ake yi?

Ka tsaya a wuri mai tauri, ka ja birkin hannu. In ba ka ga ƙusar ba, ka zuba ruwan sabulu a kan taya, inda kumfa ke tashi nan ne. Kada ka cire ƙusar tukuna. Ka fara zura igiya a idon basilla har ta rabu biyu daidai, ka shafa mata gam, ka ajiye kusa da hannunka, saboda da zarar ƙusa ta fita iska za ta bi ta.

Ka zare ƙusar da filaya, kana lura da yadda ta shiga, a miƙe ko a karkace. Magagarin nan ta wannan hanyar zai bi, in ba haka ba ka ɓula rami na biyu. Turawar farko da wuya take, za ka ji ƙarfen yana gurzar wayoyi, kar ka tsorata. Ka shigar ka fitar har sai ya daina turjiya. Wannan aikin ya fi sauƙi in akwai sauran iska a tayar, don taya mai laushi lotsawa take yi a ƙarƙashin hannu.

Sai ka zare shi ka danna basilla da nauyin jikinka, har kashi biyu cikin uku na igiyar ya shige, bakunan biyu suna leƙowa. Daga nan ka fizgo basillar tsaye, kar ka murɗa. Ranar da na fara yi murɗawa na yi, igiyar ta biyo ni waje gaba ɗaya, na sake sabon lale cikin rana tsaka, gumi na shiga min ido. Ka yanke abin da ya yi saura da reza, ka bar ɗan kaɗan, kwalta za ta shafe shi. Ka ba ta iska, ka sake zuba ruwan sabulu. In ba kumfa, ka tashi.

Sai na cire tayar daga mota?

Ta gaba ba dole ba ne, ka karya sitiyari ka gangara kaɗan har ramin ya fuskance ka. Ta baya kuwa wurin ya yi matsi, ɗagawa da jak a ciro ta ya fi sauƙi.

Mai banshar ya ce min igiya ba faci ba ce. Ba neman riyal ɗina yake ba?

Wannan karon gaskiya ya faɗa maka. Masu ƙera taya ba sa ɗaukar igiya ita kaɗai a matsayin cikakken gyara. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba ka ga cikin tayar ba, ba ka san ɓarnar da ƙusa ta yi ba. Na biyu, igiya ta cika ramin ne kawai, ba ta liƙe fatar ciki da ke riƙe iska ba, kuma ruwa na iya bin ramin ya sa wayoyi su yi tsatsa. Gyaran kirki shi ne a raba taya da rim, a duba, a cika ramin, a manna faci daga ciki, abin da suke ce wa ruƙ'a. Za ka ji masu cewa igiyarsu ta shekara ba ta yi komai ba, kuma ba ƙarya suke ba. Ni dai ba zan ɗauki iyali in hau titin Madina, sama da kilomita 400, a kan tayar da ba a buɗe an duba ba.

Zafin ƙasar nan fa?

A Makka zafi yakan haura digiri 45 a watannin bazara, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lotsawa fiye da kima, ta ƙara zafi a kan zafi, shi ke kawo fashewa. Don haka bayan faci ka auna iska da safe kafin ka tashi mota, kwana biyu ko uku a jere. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 a geji. In ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ya hau, kar ka rage, zafi ne, zai sauka da kansa.

Kayan facin ma zafi na cin su. Gam ɗin da aka taɓa buɗewa yakan daskare a but, igiyoyi su bushe. Ka riƙa taɓa su lokaci-lokaci, in ba sa kama yatsa ka sayi sababbi.

In abin ya same ni a babban titi da dare?

Ka sauka daga titi sosai, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya, fasinjoji su fita su tsaya nesa da kwalta. In tayar da ta huje tana ɓangaren da motoci ke wucewa kuma wurin ya yi ƙunci, kar ka durƙusa a nan, tirela ba ta ganin mai tsugune. Ka kira jami'an tsaron hanya a 996, ko 911 a yankin Makka. Sau da yawa ma ƙusar tana nan a maƙale, iska kaɗan-kaɗan take fita. Ka bar ta a wurinta, ka ƙara iska da famfonka, ka lallaɓa zuwa gidan mai na gaba inda akwai haske.