Waiwaye: Turken Zare a Saiwar Haƙori, Ina Aka Kwana Kan Ƙarkonsa?

Idan likita ya cire jijiyar haƙori, ya wanke ramin saiwa ya cike shi, da sauran aiki. Haƙorin da ya kai ga wannan mataki yawanci ruɓa ta riga ta cinye rabinsa ko fiye, wani ma ya karye daf da dasashi. Dole a sake gina masa kai, sannan a ɗora masa hula. In abin da ya rage na haƙorin bai isa ya riƙe ginin ba, sai a kafa siririn turke a cikin ramin saiwar, a yi ginin a kansa. Fiye da shekara 30 ke nan likitocin haƙori suna kai-kawo a kan ko turken ya zama na ƙarfe, ko na zare da aka haɗe da rezin, wato wani irin roba mai daskarewa. Mai haƙori kuwa tambayarsa ɗaya ce: shekara nawa abin zai kai?

Dabarar turke tsohuwa ce. Pierre Fauchard, likitan Faransa da ake ɗauka a matsayin uban aikin haƙori na zamani, ya bayyana a 1728 yadda ake kafa turken zinare ko azurfa a saiwa don ya riƙe haƙorin da aka ƙera. A ƙarni na 19 an yi yayin turken itace, saboda in ya jiƙa yakan kumbura ya kama ramin ƙam. Wannan kumburin ne kuma yake tsaga saiwar. A 1878 aka fito da hular Richmond, wadda turke da hula suke haɗe. Daga wajen shekarun 1930 aka raba su: a ɗauki awon ramin, a zuba narkakken ƙarfe ya fito da turke da kansa gaba ɗaya, hula kuma a yi ta daban. Wannan zubabben turke shi ya riƙe fagen kusan rabin ƙarni, tare da turakun ƙarfe na masana'anta, wasunsu irin na noti da ake murɗawa cikin saiwa.

Duk tsawon wannan lokaci akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan likitoci, cewa haƙorin da aka cire wa jijiya yakan bushe ya yi gautsi, don haka turke ƙarfi yake ƙara masa. Wani bincike na 1972 da aka yi a kan haƙoran karnuka ya nuna danshin irin wannan haƙori ya ragu da kashi 9 cikin 100, sai aka riƙe shi hujja. An riƙa huda lafiyayyar saiwa ana faɗaɗa ta don a saka turke, ko da kan haƙorin bai buƙata ba.

Sannu a hankali zaton ya rushe. A 1979 Guzy da Nicholls suka gwada haƙora masu turke da marasa turke, ba su ga turken ya ƙara musu juriya ba. A 1989 Reeh, Messer da Douglas suka auna abin da ke raunana haƙori: duk aikin cire jijiya ya rage taurinsa da kashi 5 kacal, amma ramin da ya ratsa haƙorin daga gefe zuwa gefe, ya cinye bangonsa biyu, ya rage shi da kashi 63. A 1992 Sedgley da Messer suka kwatanta haƙoran da aka cire wa jijiya da takwarorinsu masu rai daga bakin mutum ɗaya, ba su sami gautsin da ake faɗa ba. Ashe ba bushewa ke karya haƙorin ba, asarar jikinsa ce. Turke ba shi da wani aiki illa ya riƙe ginin da ke kansa, kuma duk abin da aka rarake don a sama masa wuri ragi ne daga ƙarfin saiwar.

Ga kuma matsalar ƙarfen kansa. Dantin, wato ƙashin da ke ƙarƙashin farin saman haƙori, yana ɗan lanƙwasawa in an yi tauna. Ma'aunin taurinsa wajen gigafaskal 18 ne. Titaniyam ya haura 100, baƙin ƙarfe marar tsatsa kuma yana wajen 200. In aka dasa abu mai wannan tauri a cikin abu mai ɗan sassauci, nauyin tauna yakan taru a wurare ƙalilan, musamman a ƙarshen turken can cikin saiwa. Wanda ya taɓa ganin sakamakon ba ya mantawa. Mutum ya dawo bayan shekaru da ɗan ƙurji a dasashi, ba wani zafi mai tsanani, sai dai in ya ciji abu ya ji wani iri. Likita ya bi gefen haƙorin da siririn ma'auni, ko'ina lafiya, sai a wuri ɗaya tak ma'aunin ya zurma. Saiwar ta tsage a tsaye. Irin wannan tsagewa ba ta ɗinkuwa, yawanci sai cirewa, bayan duk wahala da kuɗin da aka kashe a kan haƙorin.

Wannan ne ya buɗe wa turken zare ƙofa. A 1990 Bernard Duret, Marc Reynaud da François Duret suka gabatar da Composipost a Faransa: dubban zaruruwan kabon, kowane bai kai kaurin gashin kai ba, an jera su a tsaye an haɗe su da rezin. Taurinsa ya fi kusa da na dantin nesa ba kusa ba, ba ya tsatsa, kuma manna shi ake yi da simintin rezin maimakon a cusa shi da ƙarfi. Fatan shi ne turke da siminti da saiwa su zama jiki ɗaya, su lanƙwasa tare. In kuma ciwo ya dawo a ƙasan saiwa, ana iya bin tsakiyar turken da injin huda a cinye shi a sake wanke ramin. Aibinsa baƙi ne, yana haskowa ta cikin hular tangaran, kuma ba ya fitowa sosai a hoton eksire. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sai na zaren gilashi da na dutsen kwaz suka shigo, farare ko masu barin haske ya ratsa, su ne kuma suka cika kasuwa har yau.

Sakamakon farko ya faranta rai. A Suwidin, a 1998, an duba haƙora 236 masu Composipost bayan shekara biyu zuwa uku, biyar kawai aka cire. A Italiya, Marco Ferrari na Jami'ar Siena da abokan aikinsa suka ba da rahoto a 2000 kan turaku 1,304, kashi 3.2 ne suka sami matsala. A wani gwajin nasu na shekarar, bayan shekara huɗu, saiwa ta tsage a kashi 9 na haƙoran da aka yi wa zubabben turke, a masu zare kuwa ko ɗaya. Da waɗannan alƙaluma aka yi tallar turken zare a duniya, kuma ban ga laifin likitan da ya karɓe shi hannu bibbiyu a lokacin ba.

Sai dai shekara uku ba komai ba ce a rayuwar haƙori. Da aka bi sawu aka daɗe, labarin ya rabu. A 2006 wasu masu bincike a Suwidin suka koma kan haƙora 99 masu turken kabon, bayan kusan shekara bakwai a matsakaici, suka tarar kashi 65 ne kawai suke lafiya. A 2007 rukunin Siena ya kawo nasa na shekara 7 zuwa 11: cikin turaku 985, guda 79 suka gaza. Yadda suka gaza ɗin ya fi adadin muhimmanci. A 39 ciwo ne ya dawo a saiwa, a 21 turken ne ya saki, a 17 hula ta fita, turke ɗaya ya karye, saiwa ɗaya tak ta tsage. A Balin ta Jamus kuwa, Michael Naumann da abokansa sun bi turakun gilashi 149 har shekara 10, suka wallafa a 2012 cewa kimanin kashi 4.6 suke gazawa kowace shekara, mafi yawa ta karyewar turke ko sakinsa, kuma haƙoran gaba sun ninka na ciki haɗari.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma tana da dalili. Wasu sun ƙirga fitar hula a matsayin gazawa ko da an mayar da ita, wasu sai an cire haƙorin. Wasu sun tsara bin marasa lafiyar tun daga farko, wasu tsofaffin fayiloli suka bincika. Haƙoran ma ba ɗaya ba ne: wani yana da bango uku, wani ba ko ɗaya. Shi ya sa duk wanda ya ce maka turken zare yana kai shekara kaza, ba tare da ya duba haƙorin ba, bai faɗa maka komai ba.

Abin da kusan dukansu suka haɗu a kai shi ne raunin turken zare a mannewa yake. Ramin saiwa yana cikin wurare mafi wuyar manna abu a baki. Siriri ne, mai zurfi, ido ba ya ganin ƙarshensa. Busar da shi daidai gwargwado aiki ne, kuma hasken da ake daskarar da rezin da shi yakan yi rauni kafin ya kai ƙasa. Bangon yana ɗauke da ragowar robar ciko da man da aka liƙe ta da shi, in man yana da sinadarin kanumfari yakan hana rezin kamawa yadda ya kamata. Ruwan bilic da ake wanke ramin da shi ma yana taɓa ingancin mannewar. Rezin kuma in zai daskare yakan tsuke, a cikin rufaffen rami ba shi da inda zai janyo ragin, sai ya ɓamɓaro daga bango. Bayan an gama, danshi da wasu sinadaran jikin dantin kansa suna cin layin mannewar a hankali shekara da shekaru. Simintin da ke kama dantin da kansa, wanda ya shigo kasuwa a 2002 da RelyX Unicem, ya rage matakan aikin da kurakuran hannu, amma bai kawar da matsalar ba.

Ko sassaucin da ake yabo yana da nasa farashin. In babu isasshen haƙori a sama, turken yakan lanƙwasa da kowace tauna, bakin hula ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, yau da gobe ƙwayoyin cuta su shiga, ruɓa ta fara a ɓoye ƙarƙashin hular.

Da aka zo gwaji na ƙeƙe-da-ƙeƙe, inda ake raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, bambancin ya ƙara dushewa. A Balin an kwatanta titaniyam da zaren gilashi har shekara 11, ba a sami tazarar da za a kafa hujja da ita ba. A Pelotas ta Barazil an kwatanta zubabben ƙarfe da zaren gilashi, nan ma kusan kunnen doki. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya samu haƙora masu turken ƙarfe sun tsira da kashi 90, masu zare da kashi 83.9, kuma yawan tsagewar saiwa bai bambanta ba. Wannan na ƙarshe ya taɓa ainihin dalilin da aka ƙirƙiri turken zare dominsa. A ganina bai rushe shi gaba ɗaya ba, domin sakin turke, wanda shi ne ciwon zare, abu ne da sau da yawa ake gyarawa haƙori ya zauna. Amma ya isa ya sa a daina faɗin cewa zare ba ya tsaga saiwa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tun 1990, shekarar da Composipost ya fito, Sorensen da Engelman suka nuna cewa abin da ke kare haƙorin shi ne lafiyayyen bangon dantin da ya rage sama da layin da hula za ta zauna, wanda hular za ta rungume ta kewaye shi, kamar zoben ƙarfen da ake sa wa bakin ƙotar wuƙa don kada itacen ya tsage. Binciken da ya biyo baya ya tsayar da tsawonsa a milimita 1.5 zuwa 2. In wannan ƙawanya tana nan, nauyin tauna a kan haƙori yake sauka, turke ɗan rakiya ne. In babu ita, turke da siminti su kaɗai ke ɗaukar komai, na zare ya saki ko ya karye, na ƙarfe ya tura nauyin cikin saiwa. Gwajin Siena a kan ƙananan turame ya nuna haka a fili: waɗanda bangonsu huɗu ke tsaye sun zauna lafiya da turke ko babu, haɗari kuma ya riƙa hawa yayin da bango ke raguwa. Abin da ke damuna shi ne wannan sani ya girmi yawancin turakun da ke kasuwa, amma an fi ɓata lokaci wajen zaɓen irin turke fiye da neman waɗannan milimita biyu. Alhali akwai hanyar samo su: a ɗan sauke dasashi da ƙashi ta ƙaramar tiyata, ko a janyo saiwar sama a hankali da waya.

Shi ya sa aikin yau ya karkata ga rage turke. Manyan turame suna da faffaɗan ɗaki a tsakiya inda jijiya ta zauna, wanda kan isa ya riƙe gini. Tun 1999 Bindl da Mörmann suka bayyana hular da ke shiga wannan ɗaki ta zauna ba tare da an taɓa ramin saiwa ba. Haƙorin gaba da bai rasa komai ba sai ƙofar da aka shiga ta ita, ciko ya ishe shi. Inda turke ya zama dole, ana zaɓar siriri wanda ya dace da ramin yadda yake, ba a faɗaɗa ramin don turke ba, a kuma bar milimita 4 zuwa 5 na ciko a ƙarshen saiwa don ya toshe hanyar ƙwayoyin cuta. Rufe haƙorin da kyau ma yana da nauyi: wani babban bincike a Amurka a 2004, kan haƙora kusan miliyan ɗaya da rabi, ya samu kashi 97 suna nan bayan shekara takwas da cire jijiya, kuma kashi 85 na waɗanda aka cire ba su da hula.

Ga wanda za a yi wa aikin, tambayar da ta fi amfani ya yi wa likita ita ce nawa ne ya rage na bangon haƙorin, kuma ko hular za ta sami abin kamawa ta kowane gefe. Mai cizon haƙora cikin barci ya faɗa tun da wuri a yi masa abin kariya. Wanda kuma aka riga aka yi wa, in ya ji hular tana ɗan motsi ko wani ɗanɗano na fitowa daga gefenta, ya koma a duba cikin kwanakin. Turken zaren da ya saki ana iya sake manna shi ko a canza shi, muddin ruɓa ba ta riga ta ci bangon saiwar daga ciki ba.