Farautar ɓoyayyen akwati da na'urar GPS: tambayoyi da amsoshi

Wane irin wasa ne wannan?

Wasan ɓuya ne na manya, sai dai ba mutum ke ɓuya ba, akwati ake ɓoyewa. Wani zai ɗauki 'yar roba mai murfi wadda ruwa ba ya shiga, ya sa ɗan littafi da fensir da 'yan tarkacen kyauta a ciki, ya je ya cusa ta a kogon itace ko ƙarƙashin dutse. Sai ya tsaya a wurin da na'urarsa ta GPS, mai nuna wa mutum inda yake a doron ƙasa, ya kwafi lambobin wurin da ta nuna masa, ya saka su a intanet. Kai kuma ka ɗauki lambobin ka zuba a taka na'urar, ka bi ta har ka gano robar, ka rubuta sunanka da kwanan wata a littafin, ka mayar da ita yadda ka same ta. Turawa na kiransa jiyokashin. Babu kuɗi a ciki, babu zinariya. Daɗin a neman yake.

Ina aka faro shi?

A Amurka, kuma ranar ma sananniya ce. Tsarin GPS na sojojin Amurka ne, kuma da can da gangan suke gurɓata siginar da farar hula ke samu, ta yadda na'ura za ta iya kauce wa gaskiya da kusan mita 100. A farkon watan Mayu na 2000, bisa umarnin Shugaba Bill Clinton, aka daina wannan gurɓatawar. Cikin dare ɗaya kuskuren ya faɗo zuwa wajen mita 10. A ranar 3 ga Mayu wani mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada. Ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, da littattafai da kaset-kaset da gwafar harbin tsuntsu da gwangwanin wake a ciki, ya sanar da lambobin wurin. Ba a yi kwanaki ba aka gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75. Yau sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190, mafi yawansu a Amurka da Turai, musamman Jamus.

Tunanin kansa ya girmi na'urar nesa ba kusa ba. Tun 1854 ake irin wannan a tsaunukan Dartmoor na Ingila, inda ake bin kwatance na baki da na rubutu maimakon lambobi.

Ta yaya ɗan abin da ke tafin hannuna yake sanin inda nake?

Ba ya aika komai sama, saurare kawai yake yi. Akwai taurarin ɗan'adam na GPS aƙalla 24 da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, yana ta sanar da abu biyu: ga inda nake, ga kuma ƙarfe nawa a agogona. Na'urarka tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisanta da wannan tauraron. Da uku za ta iya laluben wuri, amma sai da na huɗu take gyara nata agogon, wanda mai araha ne idan aka kwatanta da na taurarin. Gyaran nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin saƙon da gudun haske yake tafiya. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake.

Na'urorin yanzu ba na Amurka kaɗai suke saurare ba. Suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, wasu har da BeiDou na Sin. Yawan taurarin da take ji shi ke taimakonta a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin dogayen gine-gine.

Dole ne sai na sayi na'ura ta musamman, ko wayata ta isa?

Wayarka ta isa ka fara, kuma shawarata kada ka sayi komai sai ka gano akwati goma ka ga ko abin ya shiga ranka. Mutane da yawa suna zaton GPS na waya sai da data yake aiki. Ba haka ba ne. Data tana taimaka mata ta kama taurari da sauri, tana kuma sauko da hoton taswira, amma sanin wuri daga sama yake zuwa kyauta, ko da babu sabis ko sanda ɗaya.

Inda na'urar hannu irin Garmin eTrex ko GPSMAP ta fi waya shi ne wajen juriya. Yawancinsu batir biyu na AA suke ci, irin na tocila, su yi maka yini guda cur har da ƙari, idan sun mutu ka zaro wasu daga aljihu. Ruwan sama ba ya damunsu, sun faɗi a kan dutse ka ɗauka ka kaɗe. Allonsu kuma da rana tsaka ya fi fitowa, lokacin da kake kare fuskar waya da tafin hannu kana ƙifta ido. Amma allon ƙarami ne, rubutu a kansa wahala, maɓallansa sai ka saba. Wanda zai nemi akwati a lambun cikin gari ba ya bukatarta. Wanda zai kwana a daji yana bukata.

Na zuba lambobin daidai, amma ta kai ni wani wuri dabam. Me ya faru?

Nan ne sababbin shiga suka fi shan wahala, kuma galibi ba laifin na'urar ba ne. Lambobin wuri kashi biyu ne: nisanka arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya gida biyu, da nisanka gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Greenwich a Landan. Kano, alal misali, tana wajen digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas. Matsalar ita ce ana rubuta su ta hanyoyi uku. Akwai digiri da ɗigo, akwai digiri da minti, akwai kuma digiri da minti da daƙiƙa. Masu wannan wasa ta biyun suke amfani da ita, kamar haka: N 12° 00.000 E 008° 30.000.

To, digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Don haka digiri 8 da minti 30 daidai yake da 8.5, ba 8.30 ba. Idan na'urarka a tsarin digiri da ɗigo take, ka kuma buga mata 8.30, ka kauce da kashi biyu cikin goma na digiri, wato fiye da kilomita 20. Za ka iske kanka a gonar wani a wata ƙaramar hukuma kana leƙen gindin kuka. Kafin ka buga lamba ko ɗaya, shiga wajen saiti ka tabbata tsarin rubutun ya yi daidai da na shafin.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Duniya ba ƙwallo ba ce sumul, saboda haka masu zana taswira sukan zaɓi wani ma'auni na siffarta su ɗora lambobinsu a kai. GPS da wannan wasa duka WGS 84 suke bi. Tsofaffin taswirorin Najeriya na takarda kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su. Lamba ɗaya a ma'aunan biyu ba wuri ɗaya take nunawa ba, akwai tazarar gomman mitoci. A tafiyar mota ba za ka lura ba. A neman robar da ba ta fi gwangwanin madara ba, asarar yini ce.

Wace taswira zan sa a ciki?

Taswirar da ke zuwa da na'urori masu araha ba ta da wani abin kirki, manyan hanyoyi ne da sunayen birane. Yawancin masu wasan sukan sauko da ta OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004 kuma 'yan sa-kai ke zanawa, su sa a katin ajiya. Sau da yawa tana nuna 'yar hanyar ƙafa da gadar katako da manyan kamfanoni ba su damu da su ba. Idan da hali a samu mai layukan tudu da kwari. A waya kuma, a sauko da taswirar yankin tun a gida. Bayanan akwatunan su ma ana zuba su a fayil mai suna GPX, wanda ke ɗauke da lambobi da kwatance da 'yar alamar taimako da mai ɓoyewa ya bari.

Amfanin taswira shi ne kibiyar da na'ura ke nuna maka hanya da ita ba ta san kogi ba. Za ta ce maka saura mita 400 ta gabas, ba ruwanta da cewa akwai rafi da shingen waya a tsakani. Taswira ce za ta nuna maka cewa gadar tana can ƙasa kaɗan.

Na iso, ta ce saura mita 3, sai kibiyar ta fara juyi kamar mai hajijiya. Ta lalace ne?

Lafiyarta lau, iyakarta ke nan. Ko a fili sarari, kuskuren mita 3 zuwa 5 ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ɓoye akwatin shi ma da nasa kuskuren ranar da ya auna. Ka haɗa biyun, ka ga da'irar da za ka bincika ta kai faɗin tsakar gida babba. A gindin dutse ko bango sigina kan yi tsalle kafin ta iso, lissafin ya ƙara karkacewa.

Juyin kibiya kuma yana da nasa dalilin. Na'urori masu araha ba su da kamfas na gaske, daga motsinka suke gane inda ka fuskanta. Da ka tsaya cak, sun rikice. Masu kamfas na lantarki, har da wayoyi, suna nuna hanya ko kana tsaye, amma suna son a daidaita su lokaci-lokaci, kuma ƙarfe ko mota a kusa na ruɗa su. Duk wanda ya taɓa neman alƙibla da waya a ɗakin otal, yana murza ta a iska kamar mai zana lamba 8, ya san wannan.

Abin da gwanaye ke yi shi ne, da zarar ta ce saura mita 10, sai su sa ta a aljihu su tambayi kansu: da ni ne, ina zan ɓoye? Ga tulin duwatsu uku da aka jera da kyau fiye da yadda ruwa zai jera su. Ga sandunan da suka kwanta layi ɗaya a gindin kututture. Ga wani ƙulli a jikin alamar hanya wanda fentinsa ya fi na sauran sabunta, ka taɓa ka ji maganaɗisu ne ya riƙe shi. Wasu akwatunan ba su fi kan ɗan yatsa ba, takardar ciki a naɗe kamar laya. Kuma kada ka tura hannu rami sai ka fara tura sanda, kunama da maciji ba su san wasa ake ba.

Idan ni nake son ɓoyewa fa?

Akwai ƙa'idoji, kuma 'yan sa-kai ne ke duba kowane sabon akwati kafin a wallafa shi. Ba a haƙa rami a binne. Dole ya yi nisan aƙalla mita 161 daga wani akwatin. Sai da izinin mai wurin. Ba a sa abinci, don dabbobi za su farfasa robar, ba a sa wuƙa ko magani. Za ka ba shi maki daga 1 zuwa 5 na wuyar ganowa, da wani makin na wuyar hanya. Wajen auna lambobi kada ka yarda da karatu ɗaya. Bar na'urar ta zauna 'yan mintuna, ka auna sau da yawa, ka dawo wata rana ka sake, sannan ka ɗauki matsakaici.

Ba za a ɗauke ni ɓarawo ko mai dasa wani abu ba?

Za a iya, kuma ya sha faruwa. A 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani yana laɓe-laɓe da 'yar roba a bakin titi, aka kira 'yan sanda, aka rufe tsakiyar garin, masu kwance bam suka zo suka tarwatsa akwatin. Wannan a ƙasar da wasan ya yaɗu ke nan. A namu yankin, inda akwatunan ba su da yawa kuma mutane suka ga abin da suka gani na tashin bama-bamai, baƙon da ke zagaya gada da na'ura mai eriya a hannu ya kira wa kansa taro. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, tashar mota, kasuwa, masallaci da coci, duk a yi nesa da su. Wanda zai gwada a nan ya fara da harabar makaranta ko gonar gidansu, da sanin shugaban makarantar ko mai unguwa, ya yi amfani da roba mai haske da ake ganin cikinta, ya rubuta a murfin da Hausa da Turanci abin da take da kuma wanda ya ajiye ta.