Yahudawan Amurka a lokacin Yaƙin Basasa (1861–1865)

Sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a watan Afrilu na 1861, Yahudawan ƙasar sun kai kimanin 150,000. Akasarinsu sabbin zuwa ne daga yankunan Jamusawa da tsakiyar Turai, 'yan tireda da masu yawon talla ƙauye-ƙauye. Wajen 25,000 suna zaune a jihohin Kudu da suka ɓalle a kan batun mallakar bayi, sauran suna Arewa. Ba su da shugaban addini guda ɗaya: kowace majami'a cin gashin kanta take yi, ita ke ɗaukar malaminta, wanda suke kira rabbi, ita ke sallamarsa. Don haka babu wata matsaya guda da za a ce ta Yahudawa ce game da yaƙin. Galibi kowa ya bi garin da yake zaune. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin 7,000 sun shiga rundunar Arewa, tsakanin 2,000 zuwa 3,000 kuma ta Kudu.

Batun bayi a kan mumbari

Ranar 4 ga Janairu 1861, wadda Shugaba James Buchanan ya keɓe don azumi da addu'a, Rabbi Morris Raphall na majami'ar B'nai Jeshurun a New York ya yi wa'azi yana cewa Attaura ba ta haramta mallakar bayi ba, tunda Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu sun mallake su. Ya ƙara da cewa bawa a shari'ar Attaura mutum ne mai haƙƙi, alhali a Kudu an mai da shi kaya, amma masu goyon bayan bauta ba wannan ɓangaren suka ɗauka ba. Sun buga wa'azin suka yi ta rabawa.

Rabbi David Einhorn na majami'ar Har Sinai a Baltimore ya mayar masa da martani mai zafi a mujallarsa ta Jamusanci: ta yaya jikokin waɗanda Fir'auna ya bautar za su kare bauta? Baltimore gari ne da ake da bayi a cikinsa, kuma da tarzoma ta tashi a watan Afrilu, sai da Einhorn ya tsere zuwa Philadelphia. Malamai da yawa dai bakinsu suka kama. Isaac Mayer Wise na Cincinnati, mai jaridar The Israelite, a fili ya ce shi shiru ya zaɓa.

Rikicin limaman soja

Dokar da majalisar dokokin Amurka, a ɓangaren Arewa, ta zartar a Yuli 1861 ta ce limamin rundunar soja dole ya kasance naɗaɗɗen malamin wata ɗariƙar Kirista. Wata rundunar mahaya dawaki ta Pennsylvania, wadda kwamandanta Kanal Max Friedman Bayahude ne, ta riga ta zaɓi wani Bayahude mai suna Michael Allen. Da aka kai ƙara, Allen ya ajiye aikin. Rundunar ta sake zaɓen Rabbi Arnold Fischel na New York, da gangan, don a gwada dokar, ma'aikatar yaƙi ta ƙi amincewa. Fischel ya tafi Washington ya gana da Shugaba Abraham Lincoln a Disamba 1861, kuma a ranar 17 ga Yuli 1862 aka gyara lafazin dokar ya koma "wata ɗariƙar addini". A Satumba na shekarar aka naɗa Jacob Frankel na majami'ar Rodeph Shalom a Philadelphia limamin asibitocin soja, Bayahude na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a sojan Amurka. Fischel da ya yi faɗan bai taɓa samun muƙamin ba.

Ibada a sansani

Limaman Yahudawa uku kacal aka naɗa har yaƙin ya ƙare, saboda haka sojan Bayahude shi ke neman wa kansa mafita. Abincin soja cike yake da naman alade, ana tafiya ana yaƙi ranar Asabar, wadda ita ce ranar hutu da ibadar Yahudawa, kuma sau da yawa ba a samun maza goma da ake buƙata kafin a yi addu'ar jam'i.

Labarin da ya fi shahara shi ne na J. A. Joel, soja a runduna ta 23 ta jihar Ohio, wanda ya rubuta yadda shi da 'yan uwansa kimanin ashirin suka yi Idin Ƙetarewa na 1862, idin tuna fitowar Bani Isra'ila daga Masar, a Fayette, cikin tsaunukan yammacin Virginia. An aiko musu da gurasa marar yisti daga Cincinnati. Suka shiga ƙauyuka suka samo ɗan rago da kaji da ƙwai, da giyar tuffa a madadin ruwan inabi. Ganye mai ɗaci da ake ci don tuna wahalar Masar bai samu ba, sai suka tsinko wani ciyawa a daji, wanda ɗacinsa ya sa suka yi ta kwankwaɗar giyar har wasu suka bugu. Akwai kuma wani kwaɓin 'ya'yan itace da ake ajiyewa a matsayin laka da Bani Isra'ila suka yi tubali da ita. Da suka rasa kayan haɗinsa, tubalin gaske suka ɗora a kan tebur. Kwamandan da ya ba su izini shi ne Rutherford Hayes, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa.

A Kudu ma labarin fitowa daga bautar Masar ake karantawa a wannan dare, wani lokaci a gidajen da bayi ne suka dafa abincin. Rabbi Maximilian Michelbacher na majami'ar Beth Ahabah a Richmond, babban birnin Kudu, ya tsara addu'a ta musamman don sojojin Kudu, ya kuma roƙi Janar Robert Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, ya ba Yahudawa hutu don Sabuwar Shekararsu da Ranar Kafara. Lee ya amsa cikin ladabi cewa halin yaƙi ba zai bari a ba da hutun bai ɗaya ba. A New Orleans, bayan sojojin Arewa sun kama garin, Rabbi James Gutheim ya ƙi yin rantsuwar biyayya, ya bar garin a 1863 zuwa Alabama.

Umarni na 11

Tsadar kaya da fasa-ƙwaurin auduga sun sa aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, a ɓangarorin biyu. A Kudu, Judah Benjamin, Bayahuden da ya riƙe ministan shari'a, sannan na yaƙi, sannan na harkokin waje, ya sha zagi saboda asalinsa, ko da yake bai damu da ibada ba. A Arewa abin ya kai ga takarda: ranar 17 ga Disamba 1862 Janar Ulysses Grant na rundunar Arewa ya ba da Umarni na 11, wanda ya kori Yahudawa baki ɗaya, cikin awa 24, daga yankin da yake kula da shi a sassan Tennessee da Mississippi da Kentucky. Masu fasa-ƙwaurin sun haɗa da mutane iri-iri, har da hafsoshin sojansa, amma Yahudawa kaɗai takardar ta ambata.

A Paducah ta Kentucky aka kori iyalai kusan 30. Ɗaya daga cikin mutanen, ɗan kasuwa Cesar Kaskel, ya garzaya Washington ya ga Lincoln ranar 3 ga Janairu 1863. Washegari aka buga wa Grant waya cewa ya janye, ya kuma janye ranar 6 ga wata. Maganar ta sake tasowa a zaɓen 1868, sa'ad da Grant ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Grant ya nuna nadama, kuma a 1876, yana shugaban ƙasa, ya halarci buɗe majami'ar Adas Israel a Washington.

Ƙarshen yaƙin

Asibitin Yahudawa na New York, wanda aka sake wa suna Mount Sinai a 1866, ya buɗe ɗakunansa ga sojojin da suka ji rauni ba tare da duba addini ba. A Richmond, Phoebe Pember ta shugabanci wani sashe na babban asibitin soja na Chimborazo.

Lee ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865, kwana ɗaya kafin shigar Idin Ƙetarewa. Lincoln ya rasu da safiyar Asabar 15 ga wata, labarin ya iske Yahudawa da yawa a hanyar majami'a ko a cikinta, aka ajiye waƙoƙin idi aka koma makoki. A Richmond, ƙungiyar matan Yahudawa da aka kafa a 1866 ta ɗauki nauyin kula da wani sashe na maƙabartarsu a tudun Shockoe, inda aka binne sojojin Kudu 30. Shingen ƙarfen da ya kewaye wurin an ƙera shi da siffar bindigogi da takubba.