Shin Jesse James ɗan fashi ne mai taimakon talakawa?

Duk wanda ya taso da kallon tsofaffin finafinan kaboyi ya san labarin: wai Jesse James, ɗan fashin Amurka na ƙarni na 19, yana ƙwace kuɗin masu hannu da shuni ya raba wa talakawa. Ba laifin mai kallo ba ne, haka aka yi ta nuna masa.

Masana tarihi ba su sami shaidar cewa ya taɓa raba ganima ga kowa ba, in ban da abokan fashinsa. Kuma a lokacin babu inshorar ajiyar banki ta gwamnatin tarayya a Amurka, sai a 1933 aka kafa ta. Idan aka fasa bankin ƙaramin gari, guminsu manoma da 'yan tireda ne ke cikin haɗari. A fashin bankin garin Northfield na 1876, 'yan ƙungiyarsa sun harbe ma'aikacin banki Joseph Heywood saboda ya ƙi buɗe ma'ajiyar kuɗi.

To daga ina kwarjinin ya samo asali? Wani editan jarida a Kansas City, John Newman Edwards, shi ya dinga wanke shi a rubuce saboda siyasar bayan yaƙin basasar Amurka. Daga baya masu finafinan araha, da ke kammala ɗauka cikin kusan mako guda, suka tarar da labari a dafe. Dokar tace finafinan Amurka ta wancan lokacin ta hana ɗaukaka laifi, sai suka nuna ɗan fashin a matsayin wanda aka zalunta.

Mai son tantancewa ya nemi jaridun shekarar da abin ya faru, da yawansu suna intanet kyauta, ya gwama biyu ko uku daga garuruwa daban-daban, ya duba su wa aka kashe.

Don Allah a tura wa masoya kaboyi su ma su karanta.