Kaso Nawa, Kuma a Kan Wane Kuɗi? Amsoshin Wasu Tambayoyin Lissafin Kasuwanci

Ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO sukan kawo tambayoyin aikin gida na lissafi da na akanta, kuma a ganina ba ninkawa ko rabawa ke kayar da yawancinsu ba. Inda suke tuntuɓe shi ne sanin a kan wane kuɗi za a ɗora kason.

Tambaya: Ɗan kasuwa ya sari buhun shinkafa ₦40,000, ya sayar ₦50,000. Ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari?

Amsa: Ribar dai ₦10,000 ce, babu gardama. Idan aka auna ta da uwar kuɗi, 10,000 a raba da 40,000 sau 100, ta zama kashi 25. Idan kuma da kuɗin ciniki aka auna, 10,000 a raba da 50,000 sau 100, kashi 20 ke nan. Duka biyun daidai ne, kowace a muhallinta. A darasin lissafi, in ba a fayyace ba, da uwar kuɗi ake aunawa. A darasin akanta kuwa sau da yawa da kuɗin ciniki ake so, don haka a karanta tambayar sau biyu kafin a sa biro.

Tambaya: An biya ₦10,750 har da harajin VAT na kashi 7.5. Nawa ne harajin?

Amsa: Nan ne ake yawan faɗuwa. Ɗalibi zai ɗauki kashi 7.5 na 10,750 ya samu ₦806.25, ya ja layi biyu a ƙasa yana murna. Kuskure ne, domin a kan asalin farashi aka ɗora harajin, ba a kan jimillar ba. Jimillar tana matsayin kashi 107.5 ne. A raba 10,750 da 1.075, asalin farashi ya fito ₦10,000, haraji ₦750. A kula da tsofaffin littattafai: har zuwa Fabrairun 2020 kashi 5 ne VAT a Najeriya, sannan ya koma 7.5.

Tambaya: Atamfar ₦5,000 an ƙara mata kashi 20, daga baya aka rage kashi 20. Ta koma farashinta na da?

Amsa: A'a. Ta hau 6,000, kashi 20 na 6,000 kuma 1,200 ne, saura ₦4,800.

Tambaya: An ajiye ₦100,000 shekara 3 a kan ruwan kashi 10. Me ya raba ruwa na zalla da ruwa mai haihuwa?

Amsa: Na zalla kullum a kan uwar kuɗi yake: 10,000 kowace shekara, jimilla ₦30,000. Mai haihuwa kuwa, ruwan bara shiga yake cikin uwa shi ma ya haifi nasa: 110,000, sai 121,000, sai 133,100, wato ruwan ₦33,100. Wasu ɗalibai kan ce, Malam, ai kuɗin ruwa haramun ne. Haka ne, amma mai maki ba fatawa ya nema ba. Bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, murabaha suke yi: su sayi kaya su ɗora riba sananniya a kan uwar kuɗi, lissafin buhun shinkafar nan dai.

Tambaya: An sayi injin markaɗe ₦500,000, darajarsa na raguwa da kashi 20 na abin da ya saura duk shekara. Nawa zai kai bayan shekara 3?

Amsa: Shekarar farko a cire 100,000, saura 400,000. Ta biyu kashi 20 na 400,000 ne, wato 80,000, saura 320,000. Ta uku a cire 64,000, injin ya tsaya a ₦256,000. Wanda ya yi ta cire 100,000 duk shekara har ya samu ₦200,000, ɗaya hanyar ya bi, ta ragi bai ɗaya, ba ita aka tambaya ba.